Shaidar Auren Auta

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kam mun fafe namu tun da wuri, muka rataye shi fiye da shekara biyu muna jiran ranar, sai ruwa ya zo cikin dare ya yi gaba da shi. Labarin da muke so mu bai wa mai karatu a nan shi ne na yadda muka shirya ƙanwarmu domin ganawa da jami'in biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, inda za ta gamsar da baƙon da bai taɓa ganinta ba cewa mijinta mijinta ne. Ganawar ba ta kai minti goma ba. Shirinta kuwa ya ci mana shekara uku da 'yan watanni, ya kuma tilasta mana yin tunani a kan wasu al'adu da muka tashi muka tarar, waɗanda ba mu taɓa zaton wata rana za a ce mu yi bayaninsu ba.

Mu uku ne yayyenta, maza biyu da mace ɗaya, ita ce ta huɗu, saboda haka kowa Auta yake ce mata. Gidanmu yana Gwange, ba nisa da kogin Ngadda. Kakanmu mutumin Haɗeja ne da ya taso da niyyar aikin hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Yerwa, ya ce bari ya ɗan yi ƙwadago ya ci gaba da tafiya, ashe a nan kabarinsa yake. Wanda ya auri Auta ɗan unguwarmu ne, a zauren Baba ya yi karatun allo. A shekarar 2012 ya tafi Amurka da bizar nan ta ƙuri'a, kafin a cire Nijeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga. Ya zama ɗan ƙasar a 2018, yana aikin awon jini a wani asibiti a birnin Shikago. Da ya tashi neman aure sai ya waiwayo gida.

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi cikin watan Disamba na 2021, a ƙofar gidanmu. Wakilin ango ya nema, Baffa ƙanen Baba ya bayar, aka ambaci sadaki da sisin gwal kamar yadda aka saba a Barno, liman ya ja Fatiha, maroƙi ya yi shela, aka raba goro da dabino da alawa. Mutanen da suka shaida sun cika layinmu har sun malala zuwa titi. Amarya tana can ƙuryar ɗakin Inna, lulluɓe, ƙawaye sun kewaye ta. Baba bai yarda da fati ba, don haka hoton da ya haɗa ango da amarya guda ɗaya ne tak, na daren wushe-wushe, ita kanta a sunkuye cikin lafaya, shi kuma yana kallon wani wuri dabam, tsakaninsu akwai tazarar kamu guda. Bayan mako uku hutunsa ya ƙare ya koma. Ya ce mana shekara ɗaya ta isa a gama komai ta bi shi.

A farkon 2022 ya shigar da takardar neman izinin kai matarsa, wadda ake kira I-130, ya biya dala 535. Sai da aka haura shekara kafin hukumar shige da fice ta ƙasar ta amince, ta miƙa fayil ɗin ga cibiyar da ke tattara takardun masu neman bizar zama. Daga nan aka shiga wani zagayen: Auta ta cike dogon fom ɗin DS-260 ta intanet, aka biya dala 325, shi kuma ya cike I-864, wato alkawarin ɗaukar nauyinta, ya biya dala 120, ya haɗa da takardun harajinsa domin ya nuna cewa abin da yake samu ya zarce ma'aunin talauci na ƙasar da kashi 25 cikin 100. Da aka ce takardu sun cika, sai aka sa ta a layin jiran rana. Legas kaɗai ake ganawar bizar zama, duk da cewa Abuja ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Layin kuwa ya yi tsawo, domin daga Fabrairun 2020 zuwa Janairun 2021 an dakatar da bai wa 'yan Nijeriya irin wannan biza, ga kuma cikas ɗin da annobar korona ta haddasa.

Jira a gidan iyaye ba ƙaramin abu ba ne ga matar aure. Ƙawayenta da aka yi bikinsu a bayanta sun haihu, wasu har sun yaye. A gidajen biki da suna sai a riƙa tambayarta, cikin murmushin da ya fi zagi ciwo, ko an ji motsin jirgi. Wasu suka laƙaba mata matar waya. Mijin ya zo a 2023 ya yi wata guda, zuwan da ya dace da rashin lafiyar Baba, har da shi aka ɗauki makara. Bayan sadakar arba'in Gwaggo ta zo daga Kano ta tara mu, ta ce, “Ku ne maza yanzu. Yarinya ba za ta tsufa tana auren hoto ba. In ba zai iya ɗaukarta ba, ya sauwaƙe mata.” Muka dubi Auta. Ba ta ɗaga kai ba, ta dai ce, “Gwaggo, a ƙara mana haƙuri.” Abin da ta faɗa ke nan, mu kuma muka gane inda zuciyarta take.

Duk takardun asali suna cikin wata jakar leda mai zif a ƙasan akwatin Inna: takardar haihuwa, takardar shaidar aure, takardar 'yan sanda, kundin hotunan biki. Daren 9 ga Satumba na 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Manya sun sha ba mu labarin ambaliyar 1994, amma sun ce wannan ta fi. Kafin asuba ruwa ya kai ƙirji a tsakar gidanmu. Muka goya Inna, muka fita da kayan jikinmu. Gwange da Fori da Gamboru da Shehuri duk suka zama tafki, ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da babbar kasuwa, namun dajin da ke gidan zu suka watsu cikin gari. Da muka koma bayan kwana goma sha, akwatin yana kife a bayan madafi, cike da laka. Takardun sun zama kamar ƙullun koko. Wayar Auta ta tafi. Abu biyu suka tsira: fasfonta, wanda yake ofishin babbanmu, da hoto guda na ɗaurin aure da ya maƙale a murfin akwati, rabinsa ya jiƙe ya yi shatin ruwa, amma ana ganin Baba da Baffa da liman sun ɗaga hannu.

Muna zaune a gidan wani ɗan'uwa a Bulumkutu, cikin Disamba, saƙo ya zo cewa an sa mata rana a Fabrairun 2025. Abin da muka shekara biyu muna roƙo ya zo a lokacin da ba mu da ko takarda ɗaya. Kwafin komai yana wurinsu, tun da an aika ta intanet, amma ƙa'ida ita ce a zo da na asali a hannu. Muka raba aiki. Ɗayanmu ya bi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa domin takardar haihuwa. A nan muka tarar da tsohuwar matsala: Inna ta ce an haifi Auta kwana uku bayan Babbar Sallah ta 1997, wato cikin Afrilu, haka kuma fasfo ya nuna, amma malamin da ya ɗauke ta a firamare ya rubuta 1 ga Janairu, kamar yadda aka yi wa rabin 'yan ajinsu. Sai da aka yi rantsuwa a kotu kafin takardu su yi magana da murya ɗaya. Ɗayanmu kuma ya nemi sabuwar takardar 'yan sanda mai nuna ba ta da laifi.

Takardar aure ta fi ba mu aiki. Muka je wurin liman, muka tsugunna muka gaishe shi, muka ce, “Allah gafarta Malam, muna roƙon ka raka mu kotu tare da shaidu biyu a sake rubuta shaidar auren Auta.” Ya yi shiru yana jan carbi, sa'an nan ya ce, “To, wa ya ce ba a ɗaura ba? Ai gari ya shaida.” Muka yi masa bayani cewa wanda zai tambaya ba ya cikin garin, bai san liman ba, bai san mai unguwa ba, takarda kawai ya sani. Ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa. A gaban alƙali ya faɗi ranar, da sadakin, da wanda ya nema da wanda ya bayar, ba tare da ya duba komai ba. Wannan ne karo na farko da muka lura cewa shaidar da muke taƙama da ita tana da iyaka. A cikin unguwa ta fi kowace takarda ƙarfi, domin mutum ɗari biyar ba za su taru su yi ƙarya ba. Amma da zarar an wuce ƙofar gari, ba ta iya bin mai ita sai an mayar da ita rubutu.

Ana cikin haka wani abokin ɗayanmu ya kai mu wurin wani mutum da ake cewa ya ƙware a harkar biza. Ya duba abin da muka tara, ya taɓe baki. Ya ce Bature ba zai yarda da auren da babu farar riga da zobe da yanka kek ba, kuma hoton da amarya ba ta ciki ba hoton aure ba ne. Ya ce a ba shi kuɗi masu kauri, zai haɗa hotuna da kwamfuta, ango rungume da amarya, ya samo takardar rajista mai tsohon kwanan wata, ya kuma rubuta amsoshin da za ta haddace. Ba za mu ɓoye ba, mun fita daga shagon muna shawara, domin maganarsa ta taɓa inda muke tsoro. Da dare muka kira mijin. Ya ce mu rufa masa asiri, dokar ƙasar ta tanadi cewa duk wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan domin samun biza an haramta masa shiga har abada. Inna da ke saurare daga kan sallaya ta ce, “Auren da aka ɗaura da Fatiha ba a sake ɗaura shi da ƙarya.” Magana ta mutu a nan.

Da muka ajiye hanyar ƙarya sai ya zame mana dole mu fahimci abin da jami'in yake nema da dalilinsa. Adalci shi ne mu ce ba don ƙeta yake bincike ba. Akwai masu ƙulla auren ƙarya domin takardar zama, shi kuwa yana ganin fuskoki da yawa a wuni, ba shi da wanda zai aika unguwa ya tambayo. Abin da yake so ya gani shi ne alamar cewa mutum biyu suna rayuwa ɗaya. Mun kuma gano abubuwa biyu a dokarsu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, ba ta karɓar auren da aka ɗaura ango ko amarya ba sa wurin, sai in an tabbatar cewa sun tare bayan nan. Mu kuwa a wurinmu amarya ba ta halartar ɗaurin aurenta, waliyyi ne bakinta. Saboda haka tambarin shiga da fita da ke fasfon mijin, na 2021 da na 2023, ya zama muhimmiyar hujja. Na biyu, dokar ta hana shiga ga wanda zai je ya yi zaman mace fiye da ɗaya, don haka kusan tabbas ne za a tambaye ta ko tana da kishiya.

Saura mako biyar muka fara gwaji. Babbanmu ya sa kujera a tsakar gida, ya maƙala tabarau, ya haɗe fuska, Auta ta tsaya a gabansa.

“Mene ne sunan mijinki?”

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. “Yaya, ai ka sani.”

“Yau ni ba Yaya ba ne, Bature ne. A ina kuka haɗu? Me ya sa kika yarda kika aure shi?”

Ta rufe fuska da tafin hannu. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Kai, ka bar yarinya! A ina ka taɓa jin mace ta kama sunan mijinta gatsau a gaban yayanta?”

Ba mu da ta cewa. Inna ta yi shekara arba'in da ɗoriya da Baba, ba mu taɓa jin sunansa a bakinta ba, Malam take cewa. Shi kansa babbanmu da yake tambayar, ɗan fari ne, har yau ba ta kiran sunansa. Kunya ita ce ma'aunin da muke auna tarbiyya da shi, ita muka koya wa Auta tun tana rarrafe: kada ki zuba wa babba ido, kada ki ɗaga murya, abin da ke tsakaninki da mijinki ya tsaya a ɗaki. Ga shi yanzu duk abin da muka yaba mata a kai zai iya zama shaida a kanta. Wanda ya tashi a inda ake cewa mai gaskiya yana kallon ido, in ya ga mace ta kau da kai tana inda-inda a kan sunan mijinta, me zai zata?

Macen cikinmu ce ta karɓi aikin. Ta kori maza, ta ja Auta ɗaki, ta tsayar da ita gaban madubi. A can ne ta gano cewa ƙanwarmu ta san mutumin nan ciki da waje. Ta san yana aikin dare kwana huɗu a mako, ta san Shikago tana bayanmu da awa bakwai a lokacin sanyi, shida a lokacin zafi, shi ya sa take tashi tun kafin assalatu su yi magana a lokacin hutunsa. Ta san kuɗin hayarsa, da hawan benen da yake, da gyambon cikin da ya hana shi yaji, da tabon da ƙafar keke ta yi masa tun yana yaro. Abin da ya rage shi ne bakinta ya saba da faɗa. Kullum bayan isha'i sai ta kalli madubi ta ambaci sunan sau goma, da Hausa, sa'an nan ta jera amsoshi da Turanci. Yayar ta ce mata, “Ba hadda za ki yi ba. Abin da kika sani ki faɗa, abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba. Kunyar nan ki naɗe ta ki riƙe a hannu na minti goma, in kin fito ki yafa abarki.”

Sai batun saƙonni. Wayarta ta tafi da ruwa, amma tasa tana ɗauke da hirarsu ta WhatsApp ta shekara uku. Ya zaɓo wasu daga kowane wata ya aiko, tare da rasiɗan kuɗin da yake turowa da tikitocin jirgi. Da aka je bugawa a shagon kwamfuta, yayar ta tsaya a kan yaron shagon, ta kare allon da mayafinta, ta ce ya danna kawai, idonsa ya tsaya a kan injin. Aka zo fassara, domin yawancin hirar da Hausa ce. Na biyunmu shi ne ya fi mu Turanci, amma da ya karanta layin farko sai ya ajiye takardar kamar ya taɓa garwashi, ya ce a nemi wani. Wata malama ƙawar yayarmu ce ta fassara, ta sa hannu. Har yau mu maza ba mu san abin da ke ciki ba, ba ma kuma son sani.

Daga ƙarshe muka zauna da ita muka sake bin fom ɗin da ta cike tun 2023, domin kada bakinta ya saɓa wa rubutunta. Fom ɗin yana neman duk inda mutum ya taɓa zama tun yana shekara 16. Auta ta cika 16 a 2013, shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa cikin watan Mayu, aka yanke layukan waya, Baba ya tura ta Fagge wurin Gwaggo. Ta dawo a 2015. Tana ɗaliba a Jami'ar Maiduguri bam ya tashi a masallacin rukunin gidajen malamai a Janairun 2017. Yanzu kuma ga Bulumkutu, sabon adireshin da ruwa ya ba mu. Jerin adireshin nan shi ne tarihin garinmu a taƙaice. Can ƙasa akwai tambayoyin tsaro, ko ta taɓa shiga ƙungiyar ta'addanci ko ta taimaka mata. Kowa ake yi wa su, mun sani. Duk da haka akwai ɗaci ga wanda ya binne maƙwabta ya ga an tambaye shi haka, akwai kuma fargabar cewa sunan Maiduguri kaɗai a fasfo zai sa a jingine takardunta a ce sai an ƙara bincike.

Saura kwana goma sha biyu, biyu daga cikinmu muka raka ta. Muka fita da sassafe, domin hanyar Damaturu ba ta dare ba ce. Muka wuce Auno da Jakana da Benishek, muka bi ta Fataskum da Azare, muka kwana a Kano. Gwaggo ta riƙe hannun Auta ta daɗe tana addu'a, ba ta ƙara tayar da tsohuwar maganar ba. Washegari muka hau babbar mota zuwa Legas. Tafiyar duka ta haura kilomita 1,500. Muka sauka a zangon Agege wurin wani tsohon almajirin Baba, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa har mutum yakan manta a kurmi yake. Aka yi mata awon likita a asibitin da ofishin jakadancin ya amince da shi, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, aka cike alluran rigakafi. Aka ɗauki sabon hoto mai farin baya, da lulluɓinta, tun da an yarda da shi muddin fuska tana bayyane.

Ranar ganawa muka bar Agege ƙarfe huɗu na dare, muka haye doguwar gadar nan mai kusan kilomita 12, muka yi sallar asuba a gefen titin Walter Carrington, wanda aka sa wa sunan jakadan Amurka na zamanin Abaca. Mun tarar da layi tuni. Ba a shiga da waya ko babbar jaka, ba a kuma shiga da ɗan rakiya. Ta karɓi fayil ɗinta, ta gyara lafaya, ta ce, “Yaya, ku sa ni a addu'a.” Muka tsaya a tsallake muna kallon ruwa da ƙananan jirage, muna karantar fuskokin masu fitowa, wasu da dariya, wasu riƙe da fasfo da wata takarda suna share ido. Awa huɗu muka yi a tsaye.

Abin da ya faru a ciki daga bakinta muka ji. Ma'aikaci ɗan Nijeriya ya fara karɓar takardu, aka ɗauki zanen yatsunta, sa'an nan aka kira ta taga. Mace ce a bayan gilashi. Ta sa ta ɗaga hannu ta rantse cewa gaskiya za ta faɗa. Tambayar farko ita ce sunan miji. Ta kalle ta ido cikin ido ta faɗa, da nasa da na mahaifinsa. Aka tambayi aikinsa, da zuwansa na ƙarshe, da ko yana da wata mata. Sai jami'ar ta ɗaga hoton nan mai shatin ruwa ta ce, “Ke ina kike a nan?” Auta ta ce tana cikin gida, a garinsu maza ne suke ɗaura aure a waje, wannan mahaifinta ne, ya rasu, wannan ƙanensa ne da ya bayar da ita bayan an aiko mahaifiyarta ta tambaye ta ko ta yarda. Aka ce me ya sami hoton? Ta ba da labarin ruwan cikin jimla uku. Jami'ar ta ɗan dubi hoton, ta juya ta yi rubutu a kwamfuta, ta mayar mata da shi, ta riƙe fasfon. Tarin saƙonnin da aka sha wahalar fassarawa, shafi biyu kawai ta buɗa.

Da ta fito ba ta yi magana ba sai da ta tsallako, ta buɗe hannuwanta ta nuna mana babu fasfo. Muka yi hamdala a bakin titi. A mota ta ce wa yayarta, a hankali don kada namiji ya ji, amma ya ji, “Da na faɗi sunan sai na ji kamar mayafina ya faɗi a kasuwa. Amma kin ga ban mutu ba.”

Fasfo ya dawo da biza cikin mako biyu. Tun da auren ya haura shekara biyu, katin zama na shekara goma ya hau kanta, ba na gwaji mai shekara biyu ba. Ta yi azumi da Ƙaramar Sallah tare da Inna a gidanmu na Gwange da muka gyara, ta tashi cikin Afrilun 2025 da ƙullin turaren wuta da garin kuka. Ranar tafiya Inna ba ta raka ta ko zaure ba. Da muka dawo daga filin jirgi muka same ta zaune a ɗakin Auta, ta ce, “Shekara uku ina roƙon Allah Ya ba ta takardar nan, ban taɓa tsayawa na tuna cewa tafiyarta nake roƙo ba.” Hoton mai shatin ruwa Auta ta bar mata shi, yana nan a jingine a kan sabon akwati.

A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sake sanar da takunkumin da ya haɗa da bizar zama ta 'yan Nijeriya, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Da ranar Auta ta ƙara jinkiri da shekara guda, da wani labarin muke bayarwa. Akwai wata yarinya a layinmu da mijinta ya shigar da takardu bayan nata, takan zo wurin yayarmu ta duba jerin abubuwan da muka tara. Abin da muke gaya mata shi ne muke gaya wa ɗalibai da abokan aiki masu karanta wannan: a rubuta aure tun shaidu suna raye, a daidaita suna da ranar haihuwa a kowace takarda, a ajiye kwafi a wurin da ruwa da wuta ba za su kai ba, kada kuma tsoro ya sa a ari al'adar wani a yi ƙarya da ita, alhali ana iya bayyana tamu a fahimta. Allah Ya jiƙan Baba da dukkan waɗanda ruwa da fitina suka ɗauke mana, Ya haɗa kowace mai jira da mijinta cikin alheri, amin.